Asalin Kalmomin Ƙidaya da na Kuɗi a Hausa

Ya ku ɗalibai, a kasuwar Kachia, inda ake hada-hadar citta, za ku tarar da Adara da Ham da Bajju da Fulani da baƙi daga nesa suna ciniki da Hausa. A irin wannan wuri, wanda bai laƙanci kalmomin ƙidaya ba yana iya sayar da kayansa da asara. Sanin asalin kalmomin zai taimake ku wajen riƙe ma'anarsu.

Daga ɗaya zuwa goma, kalmomin sun daɗe a bakin Hausawa. Daga 11 zuwa 19 ana amfani da "sha", kamar goma sha biyar, ko kuma sha biyar kawai. Da zarar an wuce ashirin, sai "da" ya maye gurbinsa: ashirin da biyar. Kuskure ne a ce "ashirin sha biyar".

Ashirin da talatin da arba'in da hamsin da sittin da saba'in da tamanin da casa'in kuwa duk daga Larabci aka aro su, ta hanyar addini da karatu da fatauci. Kafin su kafu, Hausawa kan ce gomiya biyu, gomiya uku, wato goma sau biyu, goma sau uku. Haka nan "metan", wato 200, daga Larabci take. Miliyan da biliyan kuma daga Ingilishi suka shigo.

Akwai kuma ƙidaya ta ragewa. Idan dattijo ya ce "ashirin ba ɗaya", 19 yake nufi. Idan ya ce "talatin biyu babu", 28 ke nan. Ku saurari ƙarshen maganar kafin ku amsa. Ku kuma bambanta waɗannan: "biyu" adadi ne, "na biyu" matsayi ne a jeri, "sau biyu" maimaici ne, "biyu-biyu" kuwa rabo ne. Mai lemo da ya ce "hamsin-hamsin" yana nufin kowane ɗaya naira 50 ne, ba dukan tarin ba.

Sunayen kuɗi da yawa zamanin Turawan mulkin mallaka ne ya bar mana su. Fam daga "pound" take, sule daga "shilling", sisi daga "sixpence", kwabo kuma daga "copper", wato jan ƙarfen da ake ƙera shi da shi. A wancan lokaci kwabo 12 ne sule ɗaya, sule 20 kuma fam ɗaya. Ranar 1 ga Janairu, 1973, Najeriya ta koma amfani da naira, aka ƙayyade fam ɗaya a kan naira biyu. Shi ya sa idan tsoho ya ce "fam biyar", naira 10 yake nufi. "Jaka" kuwa a da fam 100 ce, don haka ta zama naira 200. Amma a Jamhuriyar Nijar, jaka tana nufin sefa 1,000, dala kuma sefa 5. Kun ga kalma ɗaya, ƙima biyu, gwargwadon ƙasar da kuke.

Waɗannan tsabar kuɗi sun ɓace daga kasuwa, amma sunayensu suna nan. Har yau akan ce "ba ni da ko sisi" ko "ko kwabo ban samu ba", ma'ana babu komai a hannu.

Saboda haka, in kun ji farashi kuka yi kokwanto, kada ku ji kunyar cewa, "Baba, nawa ke nan a naira?" Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

Aiki: Rubuta 17 da 39 da 58 da kalmomi, sannan ka sake rubuta 39 da 58 ta hanyar ragewa.