Ruwan Bagaja da farin kifin Amurka: me ake nufi da alamtarwa?

Ɗalibin sakandare a Birnin Kudu ko Gwaram da ke nazarin adabi zai ci karo da kalmar alamtarwa. Dabara ce ta ɗora wa abu guda a cikin labari ma'anar da ta zarce zahirinsa.

A ɗauki Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934 bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya. A zahiri ruwan magani ne da Alhaji Imam ya bar gida nema don ɗan sarki ya warke. Amma me ya fitar da shi? An yi wa mijin uwarsa, limamin gari, dariya a fada da ya ambaci ruwan. Ashe mutuncin gidansu ya fita nema. Abin lura kuma, littafin bai ɓata tawada a kan ruwan ba. Rabin daɗinsa na wajen damfara da ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da wani Malam Zurƙe. A ganina, wayon da ya tara a hanya ya fi ruwan nauyi.

Amurkawa ma suna da nasu misalin alamtarwa. A Moby-Dick na Herman Melville, na 1851, Kyaftin Ahab yana farautar farin ƙaton kifin da ya cire masa ƙafa. Masana sun daɗe suna gardama: ƙaddara ce kifin, ko sharri, ko ikon da ɗan Adam ba zai iya ja da shi ba? Alhaji dai ya koma gida da ruwansa. Jirgin Ahab kuwa nitsewa ya yi, mutum ɗaya tal ya tsira.