Murjani Mai Taushi: Ado a Akwatin Gilashi, Annoba a Teku

Kowane Bahaushe ya san murjani, jan dutsen nan da mata ke ado da shi a wuya da hannu. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, asalinsa ƙashin wata dabba ce da ake tsamowa daga Bahar Rum, wanda fatake suka daɗe suna ƙetaro Sahara da shi. Wannan dabba tana da dangi masu yawa a tekunan duniya, kuma daga cikinsu akwai waɗanda ba su da ƙashi mai tauri. Su ake kira murjani mai taushi. A Turai da Amurka da Japan mutane na kiwon su a gida cikin akwatin gilashi mai ruwan gishiri, domin sha'awa. Sai dai wasu ire-irensu na da saurin yaɗo ƙwarai, har masu kiwo kan ɗauke su tamkar ciyawa a gona.

Yadda halittar take

Abin da ido ke gani kamar tsiro guda, taron 'yan ƙananan dabbobi ne da ke haɗe da juna. Kowace ɗaya ana kiran ta folif, tana da baki ɗaya wanda 'yan yatsu takwas masu kama da gashin tsuntsu suka kewaye. A cikin tsokarta akwai ƙwayoyin gansakuka masu haɗa abinci da haske. Gansakukar na samun mafaka, ita kuwa dabbar na samun abinci.

Wanda ya fi shahara wajen masu kiwo shi ne Xenia, wanda masanin nan na Faransa, Lamarck, ya bayyana a shekarar 1816. Ana samun sa a Bahar Maliya da tekun Indiya da yammacin tekun Fasifik. Abin sha'awarsa shi ne yadda yatsunsa ke buɗewa suna rufewa ba ƙaƙƙautawa, kamar hannun mai kiran wani. An daɗe ba a san amfanin wannan motsi ba, sai a 2013 wasu masana suka yi gwaji a Eilat, a gaɓar Bahar Maliya, kan wani ɗan'uwansa mai suna Heteroxenia fuscescens. Sun gano cewa motsin yana kore ruwan da ya cika da iskar oksijin daga jikin dabbar, ya jawo sabo. Idan oksijin ya taru, yakan rage wa gansakuka ƙarfin haɗa abinci. Ke nan wannan rawa da ke burge mai kallo tana cikin abubuwan da ke ciyar da murjanin gaba.

Dalilin saurin yaɗonsa

Dalili na farko shi ne, murjani mai tauri sai ya tara sinadarin alli ya gina ƙashi kafin ya ƙara girma, aikin da ke cin lokaci da ƙarfi. Mai taushi ba ya ɗauke da wannan nauyi. Na biyu, ba ya bukatar barbara kafin ya yawaita. Kamar yadda manomi ke dasa rogo da guntun sandarsa, haka ɗan tsoka da ya ɓalle kan kama dutse ya zama sabon taro. Xenia kan sunkuya ya manne da dutsen da ke kusa, sa'an nan ya rabu biyu. Capnella, wanda ake yi wa laƙabi da bishiyar Kenya, zubar da rassansa yake yi, ruwa ya kai su wani lungu su kafu. Briareum kuwa shimfiɗa yake yi kamar tabarma, ya rufe dutse da gilashi. Na uku, suna jure ruwan da ya ɗan gurɓace da naitiret da fosfet, wato ragowar abinci da kashin kifi, alhali wannan ruwa na wahalar da murjani mai tauri.

A cikin akwati wuri kaɗan ne, haske ma rabo ake yi. Mai saurin yaɗo kan hau kan maƙwabcinsa ya tare masa haske har ya mutu. Bugu da ƙari, wasu kamar Sarcophyton da Sinularia na sakin sinadarai masu hana na kusa da su girma. A teku ruwa kan tafi da su, amma a akwati taruwa suke yi.

Hanyoyin shawo kansa

Masu iya magana na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mataki mafi inganci shi ne wanda ake ɗauka ranar da aka kawo murjanin. A ɗora shi a kan dutse guda da ke tsakiyar yashi, nesa da sauran duwatsu da bangon gilashi, domin yawancinsu ba sa iya kama yashi da kyau. Idan ya cika dutsen, sai a fitar da shi a rage.

Na biyu shi ne aikin hannu a kai a kai. Yankewa da almakashi kaɗai ba ya wadatarwa, domin gindin da ya rage zai toho. Sai an ɓare shi daga tushe, a kankare wurin. Ya fi kyau a yi wannan a cikin wani bokiti dabam. In dutsen ba ya ciruwa, a kashe famfunan da ke juya ruwa, a riƙa zuƙe ɓarɓashin da tiyo, don kada kowane guntu ya zama sabon iri. Inda hannu ba ya kaiwa, akan shafa ƙullun kalsiyom haidiroksaid a gindin, amma kaɗan-kaɗan, domin yawansa na sauya yanayin ruwa ya cutar da kifi.

Na uku shi ne rage masa taki. A taƙaita abincin kifi, a riƙa sauya wani kaso na ruwan, a kuma sa gawayin tace ruwa don ya tsotse sinadaran da aka ambata.

Akwai kuma batun lafiyar mai aikin. Wani dangi mai suna Palythoa, wanda akan sayar tare da waɗannan, na iya ɗauke da guba mai suna falitoksin, ɗaya daga cikin mafi ƙarfi da aka sani. An sha kwantar da iyalai a asibiti bayan an zuba wa dutsensa tafasasshen ruwa, suka shaƙi tururin. Saboda haka dole a sa safar hannu da tabarau, kada kuma a tafasa dutsen.

Ina za a kai wanda aka cire?

A nan ne babban haɗarin yake. A 2007 aka lura da wani baƙon murjani mai motsi a Valle Seco, cikin gandun Mochima da ke gaɓar Benezuwela. Ana kyautata zaton wani mai cinikin kayan akwatin gilashi ne ya zuba shi a teku tsakanin 2000 da 2005 don ya yawaita ya sayar. Asalinsa daga tekun Indonesiya yake, kuma a 2021 aka raɗa masa suna Unomia stolonifera. Da yake babu mai cin sa a sabon wurin, sai ya mamaye ƙasan teku kamar yadda kainuwa ke rufe kududdufi, har a wasu wurare ya rufe kashi 80 cikin ɗari. Murjanin gida ya mutu a ƙarƙashinsa, kifi ya rasa maɓoya, masunta suka ga kamunsu ya ragu. Tarun masunta da ƙarfen tsayar da jirgi suka riƙa kai guntayensa gaba. A 2020 an gan shi a Pearl Harbor ta Hawai.

Don haka wanda aka cire, ko dai a ba wani mai kiwo tare da gaya masa halinsa, ko a kashe shi ta hanyar busarwa ko daskararwa kafin a jefa a shara. Ba a zuba shi a teku ko a magudanar da ke kaiwa teku. Mai akwati na iya gyara kuskurensa da yini guda na kankara, amma a Mochima an fi shekara 15 ana fama, ba a raba teku da shi ba.