MAJALISAR KANADA TA 31: TARIHI DA TSARIN WAKILCIN MAJALISA MARAS RINJAYE

1.0 GABATARWA

Wannan takarda za ta yi ƙoƙarin bayyana tarihin Majalisar Ƙasa ta 31 ta ƙasar Kanada, wadda ta fara zama ranar 9 ga Oktoba, 1979, aka rushe ta ranar 14 ga Disamba na wannan shekara, watau wata biyu da 'yan kwanaki ke nan. Za a dubi zaɓen da ya haife ta, da irin wakilan da suka zauna a cikinta, da yadda gwamnati ta faɗi, sa'an nan a naɗe da darasin da manazarcin siyasa zai ɗauka.

Kafin a shiga bayani, ya kamata a fayyace abin da ake nufi da gwamnati maras rinjaye. Kanada tana bin tsarin mulki irin na Ingila, wanda Nijeriya ta bi a Jamhuriya ta Farko. A wannan tsari Firayim Minista yana kan mulki ne muddin Majalisar Wakilai ta amince da shi. Idan jam'iyyarsa ba ta kai rabin kujeru ba, to rayuwar gwamnatinsa tana hannun abokan hamayya, domin duk ranar da suka haɗa kai suka kada ta a kan babban al'amari, kamar kasafin kuɗi, sai dai ta sauka ko a koma rumfar zaɓe.

2.0 ZAƁEN 1979

An yi babban zaɓe ranar 22 ga Mayu, 1979, bayan Pierre Trudeau na jam'iyyar Libaral ya shekara 11 yana mulki, jama'a kuwa suna kukan tsadar kaya da rashin aikin yi. Kujerun Majalisar Wakilai a lokacin 282 ne, saboda haka ana bukatar 142 kafin a ce an sami rinjaye. Ga yadda aka raba su:

(a) Jam'iyyar Konsabatib ta Joe Clark, kujera 136.
(b) Jam'iyyar Libaral ta Pierre Trudeau, kujera 114.
(c) Jam'iyyar NDP ta Ed Broadbent, kujera 26.
(d) Jam'iyyar Soshiyal Kiredit ta Fabien Roy, kujera 6.

Abin lura a nan shi ne, Libaral ta fi kowa yawan ƙuri'u, wajen kashi 40 cikin ɗari, Konsabatib kuwa kashi 36. Dalili shi ne ƙuri'un Libaral sun taru ne a lardin Kebek, inda ta kwashe kujera 67 daga cikin 75, alhali Konsabatib ta baza nata a Ontariyo, inda ta ci 57 daga cikin 95, da kuma lardunan yamma. A Albata ma duk kujeru 21 ta cinye. An rantsar da Clark ranar 4 ga Yuni, ana gobe zai cika shekara 40, ya zama Firayim Minista mafi ƙarancin shekaru a tarihin ƙasar.

3.0 WAKILAN MAJALISA

Majalisar ta nuna ƙasa a rabe gida biyu. Jam'iyyar da ke mulki kujera biyu tak gare ta a Kebek, lardin masu jin Faransanci, watau ta Roch La Salle da ta Heward Grafftey. Ita kuma Libaral kujera uku kaɗai ta samu a lardunan yamma guda huɗu. Don ya cike wannan giɓi, Clark ya ɗauko ministoci daga Majalisar Dattijai, wadda naɗa wakilanta ake yi, irin su Jacques Flynn da ya riƙe shari'a, da Martial Asselin, da Robert de Cotret. A wannan majalisa ta dattijai mai kujera 104, 'yan Libaral ne ke da rinjaye.

Cikin ministocin akwai waɗanda suka kafa tarihi. Flora MacDonald ita ce mace ta farko da ta riƙe harkokin waje, Lincoln Alexander kuwa, Ministan Ƙwadago, shi ne baƙar fata na farko da ya zama ministan tarayya. John Crosbie aka ba kuɗi. Har ila yau, Clark ya bar James Jerome, ɗan Libaral, ya ci gaba da shugabancin majalisa. Wannan dabara ce ta lissafi, gama shugaban majalisa ba ya jefa ƙuri'a sai an yi kunnen doki, saboda haka hamayya ta rasa ƙuri'a ɗaya.

Adadin kujerun ya ɗan motsa kafin ƙarshen shekara. Richard Janelle ya bar Soshiyal Kiredit ya koma Konsabatib, jam'iyyarsa ta koma mai kujera 5. Tsohon Firayim Minista John Diefenbaker ya rasu ranar 16 ga Agusta, da aka yi zaɓen cike gurbi ranar 19 ga Nuwamba sai NDP ta cinye mazaɓarsa. Ke nan gwamnati ta sake komawa 136, NDP ta zama 27. Idan aka ware shugaban majalisa, Libaral da NDP suna da ƙuri'a 140, gwamnati da Soshiyal Kiredit 141. Ashe kuwa duk nauyin mulki ya rataya ne a wuyan mutum biyar.

4.0 GUDANAR DA MULKI

Clark ya bayyana cewa zai yi mulki tamkar mai rinjaye. Ya yi kwana 140 bayan zaɓe kafin majalisa ta zauna. Bai ƙulla yarjejeniya da kowace jam'iyya ba, ya kuma ƙi amincewa da Soshiyal Kiredit a matsayin cikakkiyar jam'iyyar majalisa, domin ba ta kai kujera 12 da ake bukata ba. Alkawarin da ya yi na ɗauke ofishin jakadancin Kanada a Isra'ila daga Tel Abib zuwa Ƙudus ya fusata ƙasashen Larabawa, har ya janye shi a watan Oktoba bisa shawarar Robert Stanfield. Shirinsa na sayar da kamfanin mai na gwamnati, Petro-Canada, shi ma ya nisanta shi da NDP. Duk da haka gwamnatin ta yi abin a zo a gani, domin ita ce ta yi shelar karɓar 'yan gudun hijira 50,000 daga Biyetnam da maƙwabtanta.

Ranar 21 ga Nuwamba Trudeau ya ce zai sauka daga shugabancin jam'iyyarsa. Wannan ya sa 'yan gwamnati suka saki jiki, a zatonsu jam'iyyar da ba ta da shugaba ba za ta yarda a tafi zaɓe ba.

5.0 FAƊUWAR GWAMNATI

Crosbie ya gabatar da kasafin kuɗi ranar 11 ga Disamba, wanda ya ƙara harajin santi 18 a kan galan ɗin fetur, da nufin rage giɓin kasafi. Bob Rae na NDP ya kawo gyaran fuska mai nuna cewa majalisa ba ta yarda da kasafin ba, Libaral ta mara masa baya. Soshiyal Kiredit ta nemi a ba Kebek kuɗin harajin da za a tara a can, aka hana ta.

Daren 13 ga Disamba aka jefa ƙuri'a, hamayya ta sami 139, gwamnati 133. Wakilan Soshiyal Kiredit biyar suka ƙi jefa ƙuri'a. 'Yan gwamnati uku ba su halarta ba, cikinsu har da Flora MacDonald da ke Turai wajen taron NATO, yayin da Libaral ta ɗauko marasa lafiyarta daga asibiti, mutum ɗaya kaɗai ta rasa.

Yana da kyau a tsaya a kan waɗannan alƙaluma. Da mutum biyar ɗin nan sun goyi bayan gwamnati, da ta sami 138, ta dai faɗi da ƙuri'a ɗaya. Da kuma mutum ukun nan sun halarta ba tare da biyar ɗin ba, da ta sami 136, nan ma ta faɗi. Sai an haɗa duka biyu za ta kai 141. Watau kuskure biyu aka yi lokaci guda: ba a nemi abokin tafiya ba, ba a kuma ƙirga na gida ba. Gwamnati tana da ikon ɗage ƙuri'ar, amma ba ta yi ba, domin tana ganin ko an koma zaɓe ita ke da nasara.

Kashegari Gwamna-Janar Edward Schreyer ya rushe majalisa. Trudeau ya janye murabus ɗinsa, aka yi zaɓe ranar 18 ga Fabrairu, 1980. Libaral ta ci kujera 147, Konsabatib 103, NDP 32, Soshiyal Kiredit kuwa ko ɗaya ba ta samu ba, ba ta kuma sake shiga majalisa ba. Clark ya sauka ranar 3 ga Maris, bayan wata tara.

6.0 NAƊEWA

Gajartar rayuwar wannan majalisa ba ta hana ta juya tarihin Kanada ba. Saboda faɗuwarta ne Trudeau ya kasance kan mulki lokacin ƙuri'ar raba gardama ta Kebek ta 20 ga Mayu, 1980, inda wajen kashi 60 cikin ɗari suka ƙi shirin ɓallewa, shi ne kuma ya dawo da ikon gyara tsarin mulki daga Ingila a 1982. Clark ya rasa shugabancin jam'iyyarsa a 1983.

A shekarar 1979 ɗin nan, jam'iyyar NPN a Nijeriya ita ma ba ta sami rinjaye a Majalisar Ƙasa ba, sai ta ƙulla yarjejeniya da NPP. Da yarjejeniyar ta rushe a 1981 gwamnati ba ta faɗi ba, domin a tsarin shugaban ƙasa wa'adi a ƙayyade yake. A tsarin Ingila babu wannan garkuwa. Cin zaɓe yana ba jam'iyya damar kafa gwamnati, amma riƙe ta sai da ƙirga ƙuri'u kowace rana, da mutunta ƙaramar jam'iyyar da za a bukata gobe. Hausawa dai sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.