Yadda Ake Sa Sabon Rumbun Ajiya a Kwamfutar Tebur

Rumbun ajiya, wanda masu gyara ke kira had-disk, shi ne ɓangaren kwamfuta da ke riƙe komai bayan an kashe wuta: babbar manhajar da ke tafiyar da injin, da takardun ofis, da hotunan iyali, da lissafin shago. A cikinsa akwai fayafayai masu maganaɗisu da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu da ke rubutu da karatu a kansu kamar allurar garmaho, sai dai shi ba ya taɓa faifan. Ratar da ke tsakaninsu ko ƙwayar ƙura ba za ta shige ba. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fito da shi a 1956, da manyan fayafayai 50 waɗanda duk abin da suke ɗauka bai wuce megabayit 5 ba. Na yau kuwa tafin hannu ya ishe shi, kuma kamfanoni uku ne suka rage suna ƙera shi: Seagate da Western Digital da Toshiba.

A Jabal Awliya ta ƙasar Sudan, kudu da Hartum a bakin Farin Nilu, wannan aiki ya zama larura. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya kori mutane da yawa daga gidajensu. Dakarun RSF sun kama garin a watan Nuwamban shekarar, sojojin Sudan suka ƙwato shi a watan Maris na 2025. Masu komawa unguwanni irin su Kalakla da Mayo, har da Hausawan yankin, sukan tarar da kwamfutar gida ko ta shagon buga takardu ta sha ƙura, wata ma an farke ta an kwashe kayan ciki. Sayen sabuwa ya fi ƙarfin aljihun mafi yawansu. Daɗin kwamfutar tebur shi ne ana musanya kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya, kuma rumbu na cikin waɗanda suka fi sauƙin musanyawa.

Kafin a ɗora wa rumbu laifi, sai a tabbatar. Alamun mutuwarsa sanannu ne: ƙarar ƙas-ƙas daga cikin akwatin, nauyin buɗe fayil, ko saƙon cewa ba a ga inda za a tayar da manhaja ba. Amma kwamfutar da ta daɗe a ajiye takan yi gardama don wasu dalilai. Ɗan batirin nan mai faɗin kwabo da ke kan babban allon lantarki na cikin akwatin, CR2032, yakan mutu, sai agogo da saituna su rikice. Wani lokacin waya ce kawai ta saki. Duba waɗannan biyu ya sha ceton kuɗin mutane.

Idan ta tabbata sai an saya, a fara duba irin mahaɗar da ke kan babban allo. Kusan duk kwamfutar da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 2000 zuwa yau tana da mahaɗar SATA, wadda ta fito a 2003. Tsofaffi sosai su ne masu IDE, mai faffaɗar waya da haƙora 40, kuma sabon rumbu ba ya hawa kanta sai da mahaɗi na musamman. Daga nan sai zaɓi tsakanin rumbu mai faifai da SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa. Mai faifai ya fi arha idan wuri mai yawa ake so. SSD ya fi sauri nesa ba kusa ba, kuma jijjiga ba ta damun sa. Wanda hali ya ba shi, ya ɗora Windows a kan SSD ko da ƙarami ne, ya bar mai faifai don tara hotuna da bidiyo.

Na hannu ma ana samu a kasuwa, kuma a nan ne ake cutar mutane. Kowane rumbu yana ajiye tarihin lafiyarsa, kuma manhajar kyauta irin CrystalDiskInfo tana nuna awannin da ya yi yana aiki da wuraren da suka lalace a jikinsa. Mai shagon kirki ba zai ƙi a gwada a gabansa ba. Sannan a garin da aka wawashe gidaje, wajibi ne mai saye ya tambayi asalin kaya. Rumbun da aka kunna aka ga hotunan iyalin wani a ciki abin tuhuma ne, kuma barin sa ya fi alheri.

Ɗaura sabon rumbun ba ya buƙatar komai sai sukudireba mai bakin gicciye da natsuwa. A kashe kwamfuta, a zare wayar wuta daga soket, a danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don sauran wutar da ta maƙale ta fita. A kwance murfin gefe. Kafin a taɓa komai a ciki, a dafa ƙarfen akwatin, domin jikin mutum yakan tara wata 'yar wuta, musamman a busasshiyar iska irin ta Hartum, kuma tana iya ƙona kayan lantarki ba tare da an ji ba. Rumbun a riƙe shi ta gefe, kada yatsa ya sauka a kan allon da ke ƙarƙashinsa.

Gurbinsa yawanci yana ta gaban akwatin, mai girman inci 3.5. A zura shi bakin mahaɗarsa na kallon ciki, a ɗaure da sukurori huɗu, ko a maƙala shi a tiren roba kamar yadda yake a yawancin kwamfutocin ofis na Dell da HP. Kada a bar shi yana lilo. Wayoyi biyu ake sa masa: siririya mai haƙora 7 da ke zuwa babban allo, da faffaɗa mai haƙora 15 da ke fitowa daga akwatin wuta. Bakin kowacce yana da lanƙwasa, ta fuska ɗaya kawai take shiga. Idan ta ƙi, a juya ta. Ƙarfi karya robar zai yi.

Bayan an rufe an kunna, a shiga BIOS, wato shafin saitunan kwamfutar, don ganin ko an gane baƙon. A Dell F2 ake dannawa, a HP F10, a wasu kuma Del. Idan sunansa bai fito ba, sai a koma kan wayoyin nan biyu. Wanda zai ɗora Windows daga filash, ya cire wayar tsohon rumbu tukuna, don kada a goge wanda ba shi ake nufi ba. Idan kuwa ƙari aka yi, sabon ba zai bayyana ba sai an shiga sashen Disk Management an shirya shi, an ba shi harafi, an tsara shi da NTFS. A nan za a tambayi tsarin raba rumbun: MBR ko GPT. MBR ba ya ganin abin da ya haura terabayit 2, saboda haka GPT ne zaɓi, sai fa a tsohuwar kwamfutar da za ta tashi daga rumbun amma ba ta san GPT ba. Rumbun terabayit 1 zai nuna gigabayit 931 ne. Ba ha'inci ba ne: masu ƙerawa da dubu suke ƙidaya, Windows kuma da 1,024.

Tsohon rumbu shi ne ya fi cancantar tausasawa. Ga iyalin da takardunsu suka ƙone ko suka ɓace, wataƙila kwafin shaidar makaranta ko na takardar fili a cikinsa kaɗai ya rage. A haɗa shi a matsayin na biyu, a fara kwashe mafi muhimmanci. Idan kwamfuta ta nemi a yi masa fomat, a ƙi. Idan yana ƙas-ƙas, a kashe nan take a kai wa ƙwararre, don kowace kunnawa ƙara kankare faifan take yi. Kada kuma a buɗe murfinsa a gida.

Sauran aikin kiyayewa ne. A watannin Mayu da Yuni zafin Hartum da Omdurman yakan haura digiri 40, alhali yawancin rumbuna ba a yi su don wuce digiri 60 ba. Guguwar habub kuma tana cusa ƙura a fanka har iska ta daina ratsawa. A ɗaga akwatin daga ƙasa, a riƙa hure ƙurar lokaci-lokaci bayan an zare wuta. Wutar ma abin lura ce: madatsar ruwan Jabal Awliya, wadda aka kammala a 1937, kimanin megawat 30 kawai aka tsara injinanta su bayar, kuma yaƙi ya ɓata turakun wuta da taransifomomi a faɗin jihar Hartum. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu tana lalata fayil, wani lokacin har da tsarin rumbun gaba ɗaya. Wanda ke kan wutar gwamnati ko janareta ya sa wa kwamfutarsa UPS, ko da ƙarami ne mai ba da 'yan mintunan da za a adana aiki a kashe ta yadda ya kamata.