Ƴar ƙaramar na'ura mai ajiye ilimi a cikin gida

A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar lantarkin da take saida wa Nijar, ba ta maido ta ba sai a watan Maris na 2024. Mutanen jihar Damagaram sun ji a jikinsu. A ƙauyuka da yawa na Magarya da Dungas kuwa, dama panon hasken rana ne ke cajin salula, rezo kuma yau akwai, gobe babu. To, yaya ɗalibin da ke shirin jarrabawar BEPC zai samu abin karatu?

Akwai wata ƴar kwamfuta mai suna Raspberry Pi, wadda aka fara saidawa a Ingila a 2012 a kan dalar Amurka 35. Girmanta bai wuce tafin hannu ba, cinta kuma wajen wat 5 ne. Ke nan in ta kwana ta wuni a kunne, wat 5 ne sau awa 24, abin da pano mai wat 50 da batir mai kyau za su iya ɗauka.

Ga yadda ake yi. Ana kai ta inda intanet ke da ƙarfi, a zuba mata littattafai, darussa da shirye-shiryen rediyo a cikin katin memori. Manhajar Kiwix, wadda kyauta ce, tana ba da damar ajiye Wikipedia, har da ta Hausa. In an dawo gida, na'urar na watsa wifi nata na kanta, duk mai salula a tsakar gida ya shiga ya karanta, ba tare da ya sayi kati ba. Kamar rumbu ne: a tara da kaka, a ci da rani.

Sai dai fa tana son kulawa. Zafin bazara na rage mata sauri, ƙurar hunturu na toshe ta, ɗaukewar wuta farat ɗaya kuma na iya lalata katin. Don haka a ajiye ta a inuwa, a kuma riƙe kwafi na biyu.

Ya ku malaman lakwal da ƴan uwana ma'aikatan rediyo, wannan aiki namu ne. Darasin da muka ajiye a hannunmu, ko rezo ya tafi, yaranmu za su same shi. Allah ya sa mu dace.