Matan Da Suka Kai Ƙara Da Allura Da Zare

Uwargida, da za a ce miki tsohon buhun fulawa da guntayen ƙyallen da tela ya zubar za su iya hana gwamnatin soja barci, na san za ki ce wasa ake. To an yi hakan a ƙasar Chile da ke Kudancin Amurka, kuma waɗanda suka yi ɗin matan aure ne da iyaye mata, mazauna unguwannin talakawa da ke gefen Santiyago, babban birnin ƙasar.

Ranar 11 ga Satumba 1973 sojoji a ƙarƙashin Janar Augusto Pinochet suka kifar da gwamnatin Shugaba Salvador Allende, daga nan aka shiga kame. Sai a zo cikin dare a tafi da maigida, ko ɗa saurayi, ko ƙani, saboda yana ƙungiyar ƙwadago ko ta ɗalibai. Gari na wayewa mace ta kama hanya, daga ofishin 'yan sanda zuwa bariki, daga asibiti zuwa ɗakin ajiye gawa, ko'ina amsar ɗaya ce, wai ba a san da shi ba. Ki duba wannan hali: ita ba mai miji ba, ita ba mai takaba ba, ga yara sun zuba mata ido, ga babu mai kawo cefane.

A watan Oktoba na shekarar shugabannin addinai, ciki har da Kadinal Raul Silva Henriquez, suka kafa wani kwamiti da ke samar wa iyalan waɗanda aka kama lauyoyi. A harabar ofishin ne matan suka riƙa haɗuwa, kowace da hoton nata a hannu. Wajen 1974 wata mai zane-zane, Valentina Bonne, ta fara zama da wasu daga cikinsu domin a sama musu sana'ar hannu da za su ci abinci. Da Pinochet ya matsa aka rufe kwamitin a ƙarshen 1975, sai Kadinal ɗin ya buɗe wani ofishi a Janairun 1976 mai suna Vicaria de la Solidaridad, zaman ɗinkin ya ci gaba a ƙarƙashinsa, har ya bazu unguwa-unguwa.

Abin da suke ɗinkawa sunansa arpillera, wato buhu ke nan a harshensu na Sifaniyanci. Ana yanko buhun, faɗinsa bai wuce na rigar filo ba, a shimfiɗa ƙyallaye masu launi a kai, a bi da ɗinkin hannu, a kewaye bakin da saƙar zaren ulu. Daga sama kusan kullum za ki ga duwatsun Andes da rana tana leƙowa, don mai kallo ya san a Chile ake. Daga ƙasa kuma ga unguwa: ga gidaje, ga ƙananan mutane kamar 'yan tsana an ɗinka musu riguna. In kika hango daga nesa sai ki ɗauka adon ɗakin yara ne. Sai kin matso za ki ga motar soja a ƙofar gida ana jan wani. Ki ga iyali a bakin abinci, kujera ɗaya ba kowa. Ki ga ƙatuwar tukunya a tsakar unguwa, mata sun haɗa ɗan abin da kowa ke da shi ana dafa wa yara, ko ƙofar masana'anta a garƙame. Ki ga jerin mata riƙe da allo, an rubuta tambayar da suka shekara goma sha suna yi: suna ina?

Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne, wasu idan ƙyalle ya ƙare sai su buɗe akwati su yanko daga rigar wanda aka tafi da shi, su ɗinka masa jiki da tufarsa. Wasu kuma suna yin ɗan aljihu a bayan buhun, su cusa 'yar takarda da suka rubuta labarin da hannunsu. Yawancinsu ba sa sa suna, don sa suna a lokacin neman rigima ne.

Tsarin zaman ma abin dubawa ne. Ana haɗuwa a ɗakin taron majami'ar unguwa, a raba ƙyalle da zare, a tattauna abin da ya faru da abin da ya kamata a ɗinka, kowace ta koma gida ta ƙarasa nata bayan yara sun yi barci. In an dawo a duba aikin tare, a gyara wa juna. Akwai ma'aji da ke kai kayan ofishi ta karɓo kuɗi, a cire wani kaso a zuba a asusun ƙungiya, kamar dai adashi, saboda ranar da wata za ta shiga matsi. Daga ofishin kayan ke fita waje ta hannun baƙi da 'yan Chile masu gudun hijira, a sayar a Turai da Amurka.

A ganina ƙarfin abin yana cikin zaman nan ne, fiye da ɗinkin kansa. Macen da ke kuka ita kaɗai a ɗaki tana iya zaton ƙaddararta ce ta daban. Da ta zauna da mata goma, ta ji motar da ta zo gidanta irinta ce ta je gidajensu, sai ta gane shiri ne, kuma akwai masu yin sa. Da yawansu ba su taɓa shiga harkar siyasa ba, amma daga cikin irin waɗannan mata ne aka samu waɗanda suka ɗaure kansu da sarƙa a jikin shingen tsohon ginin majalisa a 1979, sannan suka dawo suka ɗinka abin da suka yi. Haka da aka gano gawawwakin mutum 15 a tsofaffin rahoniyoyin gasa farar ƙasa a Lonquen a 1978, bayan hukuma ta sha musanta tsare su, shi ma ya hau buhu. Masu zanen da suka yi karatu kuwa, koyar da haɗa launi da tsara hoto ne nasu. Labarin na matan ne.

Da farko hukuma ba ta kula ba, aikin mata ne kawai a wurinta. Da abin ya yi suna a waje sai jaridun da ke goyon bayan gwamnati suka fara kiransa ɓata sunan ƙasa, aka riƙa ƙwace kayan idan an kama za a fita da su.

Mulkin Pinochet ya ƙare a Maris 1990, ofishin Vicaria ya rufe a 1992, kasuwar ɗinkin ta ja baya. Amma sana'ar ta riga ta tsallaka iyaka. Matan Peru da yaƙi ya raba da ƙauyukansu a shekarun 1980 sun ɗauka, haka matan Brazil da gina madatsun ruwa ya tasa daga gonakinsu. A Santiyago kuma, gidan tarihin tunawa da waɗanda aka zalunta da aka buɗe a 2010 yana ajiye da tarin waɗannan buhuna.

Hukumomin binciken da aka kafa bayan mulkin soja sun tabbatar da fiye da mutum 3,000 da aka kashe ko aka ɓatar. Sai a Agustan 2023, shekara hamsin bayan juyin mulkin, gwamnatin Chile ta ƙaddamar da shirin ƙasa na neman waɗanda suka ɓata, kuma a lokacin fiye da mutum 1,000 ba a san inda suke ba. Violeta Morales, ɗaya daga cikin matan farko da suka zauna ɗinkin, an tafi da ɗan'uwanta Newton a 1974. Ta rasu a 2002 ba ta ga inda aka binne shi ba.