Makaɗin Fada Da Mawaƙin Gambarar Zamani

Duk wanda ya tashi a ƙasar Shinkafi, daga Jangeru zuwa Tubali, ba ya bukatar a gaya masa ko wane ne Ibrahim Narambaɗa. A Tubali aka haife shi, ya yi wa Sarkin Gobir na Isa, Amadu, kiɗan kotso, ya kuma bar mana Bakandamiya. In ya ga dama ya yi yabo, in ya ga dama ya yi zambo, ba mai taɓa shi, domin yana ƙarƙashin inuwar Sarki. To, yau muna so mu ba masu karatu labarin wani mawaƙi wanda ya yi zambo ba shi da inuwar kowa.

Sunansa Nazir Ahmad Hausawa, ana yi masa laƙabi da Ziriums, an haife shi a birnin Kano cikin 1980. Irin waƙarsa ita ce wadda Turawa ke kira hip hop, Hausawa kuwa suka raɗa mata gambarar zamani. Asalinta daga baƙaƙen fatar Amurka ne, a wata unguwa ta birnin New York da a ke kira Bronx, wajen 1973. Ba rerawa a kan yi ba, magana ce a ke jerowa da sauri bisa kiɗa, ƙarshen kowane layi ya dace da na ɗan'uwansa, watau kamar yadda 'yan gambara su kan yi a kasuwa.

Sa'ad da Nazir ya ke tashe, al'amari ya tsananta a Kano. Cikin 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, aka naɗa Malam Abubakar Rabo shugaban Hukumar Tace Finafinai, wadda aka kafa tun 2001. A shekaran nan aka ɗaure Adam A. Zango saboda faifansa mai suna Bahaushiya. Nazir sai ya fito da waƙar Girgiza Kai, ya yi wa dokar hana rawa ba'a. Cikin 2009 kotu ta haramta waƙoƙi 11, har da wannan, aka kuma kama Aminu Ala. Daga baya, cikin 2010, Nazir ya fitar da faifansa mai suna This Is Me ta hanyar intanet, inda hannun Hukumar bai kai ba.

Ba mu ce duk abin da samarin nan ke faɗi daidai ne ba. Akwai masu cika waƙa da batsa da ashar, waɗannan kuwa tilas a tsawata musu. Amma fa a bambanta mai zagi da mai faɗa wa shugabanni gaskiya. Sarakunan da sun san amfanin habaici, shi ya sa su kan saurara ko da ya yi ɗaci, don ta bakin makaɗi su kan ji abin da fadawa ba su iya furtawa.

Saboda haka muna roƙon malaman makaranta, in sun ga yaro yana da baiwar sarrafa harshe, kada su kashe masa gwiwa. Su koya masa Hausa mai kyau, su jiyar da shi waƙoƙin Narambaɗa, ya ga yadda a ke suka ba tare da ashar ba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Allah ya sa mu dace, amin.